Aikin Coci Ya Cinye Lokacina da Albashina, Gida na Kuka: Ina Mafita?

Tambaya: "Baba Rabaran, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni malamin firamare ne, ina da mata da yara huɗu. A cocinmu ni ne magatakarda, ina cikin mawaƙa, an kuma sa ni a kwamitin gini. Yamma biyar a mako ina coci, ranar Lahadi kuwa daga ƙarfe 7 na safe sai la'asar sakaliya. Albashina naira dubu 90 ne. Ina fitar da zakka, ga baiko, ga alkawarin naira dubu 60 da na ɗauka ranar ƙaddamar da asusun gini, har bashi na ci na fara biya. Mahaifiyata tana ƙauye da hawan jini, wata biyu ban aika kuɗin magani ba. Uwargidana ta ce na auri coci na bar ta. In na yi tunanin ragewa sai in ji kamar ina yi wa Allah fashi. Na gaji, Baba. Ina mafita?"

Ɗana, alherin Ubangiji ya kasance tare da kai da gidanka, Allah kuma ya ba Mama lafiya. In na fahimce ka da kyau, so kake ka sani ko mai bi zai iya rage zirga-zirgar coci, ya rage abin da yake miƙawa, ya zauna gida ya huta da iyalinsa, ba tare da ya ja da baya daga bin Kristi ba. Zai iya. A halin da ka bayyana ma, ina ganin ya zama maka dole. Sai dai na san lamirin mutum irinka ba ya kwanciya don wani tsoho ya ce, sai ya ga inda Maganar Allah ta tsaya, don haka mu bi ta a hankali.

Tushen damuwarka, a ganina, ka haɗa abu biyu ne ka mai da su ɗaya: Allah, da jadawalin ikkilisiya. Mun saba jin ana cewa Allah ne farko, iyali na biyu, aiki na uku. Maganar da daɗin ji, amma da zarar an faɗe ta sai a kwashi koyon waƙa da zaman kwamiti da asusun gini a zuba su a gurbin "Allah ne farko", mata da yara da tsohuwa a ƙauye su koma jiran abin da ya rage. Allah ba ya cikin layi ɗaya da matarka suna jiran rabo. Shi ya ba ka matar, shi ya ba ka uwar, shi ya umarci hutu, shi kuma ya ce a kula da masu hidimar bishara. Duk wanda ka tauye a cikinsu, umarninsa ka tauye.

Yadda muka iso nan

Abin yana da tarihi. Da yawa daga ikkilisiyoyinmu na Arewa sun fito ne daga aikin mishan: 'yan SIM (Sudan Interior Mission) da suka fara isowa a 1893, 'yan SUM (Sudan United Mission) da suka sauka a Wase a 1904, da 'yan Brethren da suka fara a Garkida a 1923. Tun da wuri aka koya wa iyayenmu cewa ikkilisiya ta tsaya da ƙafafunta. Su suka kwaɓa ƙasa suka gina majami'u, mata suka ɗebo ruwa, da kaka aka kawo dammunan dawa da kwandunan acca gaban bagade, da irin wannan baikon kuma aka riƙa aika masu bishara 'yan ƙasa. Gado ne mai daraja, ba na so ka raina shi. Amma dubi yanayin da aka yi shi. Majami'a tana bayan gida, da ƙafa ake zuwa. Babbar bayarwa sau ɗaya ce a shekara, lokacin da rumbu ya cika. Da rani kuma aikin gona ya lafa, akwai sarari.

Yanzu mun ɗauko wancan ƙwazo mun kawo shi gari, inda ake biyan haya da kuɗin makaranta, inda tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 zuwa cocin kansa ya zama kuɗi. Ƙungiyoyi kuma sun yawaita: Zumuntar Mata, Zumuntar Maza, matasa, mawaƙa, Sabon Rai, 'yan Birged, kowacce da ranarta, da ankonta, da gudummawarta, da taronta na shekara. Babu marar amfani a cikinsu. Sai dai ba a cika zama a tara su a kan mutum ɗaya a auna nauyinsu ba, kuma a kowace ikkilisiya da na yi hidima mutane kaɗan ne, irinka masu jin nauyin cewa a'a, suke ɗauke da yawancin kayan.

Maganin Mama ba ya jira

A Markus 7:9-13 Yesu ya tsawata wa Farisiyawa domin sun koya wa mutane cewa in ɗa ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya riga ya keɓe wa Allah, to ya fita daga haƙƙinsu. Ya ce da wannan al'ada sun soke Maganar Allah. Ka lura, mutumin nan ba sharholiya ya yi da kuɗin ba, sunan Allah ya kira a kansu, duk da haka Ubangiji bai yaba masa ba. Bulus ya ƙara nauyi a 1 Timoti 5: a aya ta 4 ya ce 'ya'ya da jikoki su fara nuna ibadarsu a gida ta wurin sāka wa iyayensu, a aya ta 8 kuma ya ce wanda bai kula da danginsa ba, musamman mutanen gidansa, ya musunci bangaskiya. Ba a faɗi magana mai nauyi haka a kan wanda ya makara wajen biyan kuɗin bulo ba.

Maganin hawan jini kuwa ba a sha a bari, tsallake shi yana iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki. Kafin ka sake kai ko sisi ga kwamitin gini, aika kuɗin maganin wata guda, sa'an nan ka kira 'yan'uwanka ku raba nauyin, kowa ya san kasonsa da ranar da zai tura.

Wani zai kawo maka labarin gwauruwar nan ta Markus 12:41-44 da ta zuba anini biyu, duk abin da take da shi. Labarin yana ƙalubalantar mu duka, ba na rage masa ƙarfi. Amma abin da ta bayar nata ne, abincin bakinta ne. Kai kuwa kuɗin maganin mahaifiyarka da na cefanen matarka ka miƙa, ba ka kuma nemi yardarsu ba. Su ne suke yin sadaukarwar, kai ake kiran sunanka. Ka kuma karanta ayar da ke gaban labarin, ta 40, inda Yesu yake hukunta malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye.

Zakka, baiko, da alkawarin gini

Maganar yi wa Allah fashi daga Malakai 3:8-10 ta fito, ya kamata kuma ka san da wa annabin yake. Bayan Yahudawa sun komo daga bautar Babila an sake gina Haikali, jama'a suka yi sanyi wajen kawo zakkar amfanin gona. Lawiyawa, masu hidimar Haikali, ba su da rabon ƙasa kamar sauran kabilu, da zakka suke ci, kamar yadda Ƙidaya 18:21 ta tsara. Nehemiya 13:10 ya nuna abin da ya biyo baya: Lawiyawa da mawaƙa suka watsar da hidima, kowa ya koma gonarsa. Shi ya sa Allah ya ce a kawo zakka domin a sami abinci a gidansa. A Maimaitawar Shari'a 14:22-29 kuma akwai abin da ba a cika wa'azinsa ba: zakkar da mutum yake ci shi da iyalinsa a gaban Ubangiji da murna, da wadda ake ajiyewa a gari kowace shekara ta uku domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Tun a Shari'ar Musa ma zakka ba kishiyar iyali ko mabukata ba ce.

A Matiyu 23:23 Yesu bai soke zakka ba, amma ya ce adalci da jinƙai da aminci sun fi ta nauyi. Bulus kuwa, da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya kafa ma'auni a fili. Kowa ya ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa (1 Korintiyawa 16:2). Ana karɓa bisa ga abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba, ba kuma don wasu su huta mai bayarwa ya shiga ƙunci ba (2 Korintiyawa 8:12-13). Kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba (9:7). Babu inda Sabon Alkawari ya ɗora la'ana a kan wanda Kristi ya fansa don ya kasa cika ɗaya bisa goma a watan da mahaifiyarsa ba ta da magani.

Kada ka ɗauka cewa nake ka daina. Ni mai fitar da zakka ne, na koyar da ita, ina kuma ganin ɗaya bisa goma ma'auni ne mai kyau da ke hana mu ruɗin kanmu. Na yi hidima a gunduma, na ga masu bishara a ƙauyuka suna yin watanni ba albashi, matansu suna saran itace su sayar don yara su ci, saboda masu albashi a gari sun riƙe hannu. Abin yana ci mini rai har yau, domin 1 Korintiyawa 9:14 ta ce masu shelar bishara su ci daga bishara. Darasin Malakai yana nan daram. Ka ci gaba da zakkarka, ba ita ce take karya ka ba.

Ɗauki biro ka gani. Zakkar naira dubu 90 dubu 9 ce. Yanzu a ce kowace yamma kana kashe naira 500 na keke ko acaɓa zuwa da dawowa. Yamma biyar a mako, mako huɗu, dubu 10 ke nan, ya fi zakkar. In ka koma yamma biyu, dubu 6 sun dawo aljihunka kowane wata, ga gudummawarka ta maganin Mama ta fara fitowa ba ka taɓa rabon Allah ba. Ƙara da ankon mawaƙa, da kuɗin wata na kowace ƙungiya, da ambulan ɗin bikin wannan da na wancan. Yawancin gidajen da na zauna da su muka yi wannan lissafi, a nan ɓarakar take. In kuma wani wata ya zo da gaske aka rasa yadda za a yi, ya zama ko zakka ko magani, sayi magani da salama a zuciyarka. Na san akwai 'yan'uwana fastoci da ba za su yarda da ni a nan ba, ina girmama su, amma Markus 7 ba ta bar mini wata hanya ba.

Alkawarin gini shi ne ya fi wuya, ba kuma zan sauƙaƙa maka fiye da yadda Littafi ya sauƙaƙa ba. Mai Hadishi 5:4-5 ya ce gara kada ka yi wa'adi da ka yi ka kasa cikawa. Ka furta a gaban jama'a, kwamiti ya yi lissafin siminti da kai, don haka za ka biya. Abin da za ka canja shi ne lokaci da hanya. Je wurin ma'aji kai kaɗai ka ce, "Abin da ya rage a kaina zan biya, amma naira dubu 3 a wata." Ka daina cin bashi don biyan baiko, gama Karin Magana 22:7 ta ce mai cin bashi bawa ne ga wanda ya ba shi. Nan gaba kuma in an miƙo maka lasifika a taron ƙaddamarwa, ka ce za ka shawarta da gida tukuna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ina da ƙorafi a kan irin wannan tara kuɗi, na kuma faɗe shi a tarurrukan fastoci. Ana kiran suna, ana ganga, ana guɗa, mutum ya ga abokin aikinsa ya ce dubu 50, sai kunya ta sa ya ce dubu 60. Wata rana matar wani dattijo ta shigo gidan fasto da sassafe, ta kwance bakin zanenta ta ciro takardar makaranta a ninke, an koro yaransu biyu saboda kuɗin zango. A Lahadin da ta wuce ne aka karanta sunan mijinta cikin manyan masu ba da gudummawa, ita ma tana zaune cikin mata ta yi tafi tare da kowa. Ba ta ce komai a kansa ba, takardar kawai ta ajiye a kan tebur. Yesu ya ce a Matiyu 6:3 kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi, kuma cikin alheran wannan umarni har da kare talaka daga alkawarin da ya fi ƙarfinsa.

Uwargida ta faɗi gaskiya

Maganarta da zafi, amma ƙararrawa ce. A 1 Timoti 3:4-5 an ce wanda bai iya sarrafa gidansa ba, yaya zai kula da ikkilisiyar Allah? Gida shi ne wurin da ake gwada mai hidima kafin a ba shi mabuɗin ofishin coci. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ce ka koya wa 'ya'yanka maganar Allah sa'ad da kake zaune a gida, da sa'ad da kake tafiya, da kwanciya, da tashi. Duk waɗannan sai uba yana nan. Na ga 'ya'yan dattawa da na fastoci da suka girma suka tsani ƙofar coci, in ka zauna da su sai ka ji ba da Yesu suke faɗa ba, da wurin da ya ƙwace musu uba suke faɗa.

Fara da ba ta haƙuri, ba tare da ka kare kanka ba. Ranar albashi ku zauna tare da takarda, ku fitar da zakka, abinci, haya, makaranta, maganin Mama, biyan bashi, sa'an nan baiko daidai ruwa daidai tsaki. Da dare bayan tuwo a shimfiɗa tabarma, a rera waƙa ɗaya, babban yaro ya karanta ayoyi kaɗan, ƙaramin ya yi addu'a da 'yar Hausarsa ko Turancinsa, minti goma sha biyar ya isa. Tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, a irin wannan zama, gaban fitilar ƙwai, da yawa daga cikinmu muka fara jin Zabura.

Hutu umarni ne

A cikin Dokoki Goma, dokar Asabar ta zo sau biyu da dalili biyu. A Fitowa 20:8-11 dalilin shi ne Allah kansa ya huta bayan halitta. A Maimaitawar Shari'a 5:12-15 dalilin shi ne ka tuna kun yi bauta a Masar, Ubangiji ya fisshe ku. Bawa ne ba shi da ranar hutu. Ayar da ta fi taɓa ni ita ce Fitowa 34:21, inda aka ce ko lokacin huɗa ne, ko lokacin girbi, sai a huta. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san nauyin wannan: ruwa ya sauka, ƙasa ta yi laushi, maƙwabci yana huɗa, kai kuwa ka jingine garma. Ba mai iya wannan sai wanda ya gaskata cewa Allah ne yake ciyar da shi, ba gudun ƙafarsa ba.

Masu bi na fari sun riƙa taruwa a ranar farko ta mako (Ayyukan Manzanni 20:7), a shekara ta 321 kuma Sarki Kostantin ya mai da Lahadi ranar hutu a daular Rum. Kolosiyawa 2:16 da Romawa 14:5 sun hana mu hukunta juna a kan ranaku, shi ya sa ma'aikaciyar jinya ko ɗan sanda da aiki ya faɗo wa ranar Lahadi yake iya neman wata rana, mu fastoci ma yawancinmu Litinin muke hutu. Amma ainihin abin bai gushe ba, gama Yesu ya ce a Markus 2:27 don mutum aka yi Asabar. Shi ne kuma a Markus 6:31 ya janye almajiransa su huta, lokacin da aikin bishara ya hana su ko cin abinci. Iliya ma da ya kai ga roƙon mutuwa a 1 Sarakuna 19, barci da abinci Allah ya fara ba shi kafin magana.

Lahadin da ka kwatanta ranar aiki ce ta bakwai. Daga tashi sujada ka koma gida. Ka kuma tuna dokar ta lissafa ɗa da 'ya da bara da baranya da baƙo, har sa da jaki. Matarka da ke tashi tun asuba ta yi wa yara huɗu wanka, ta dawo ta ɗora tukunya, ita ma tana cikin umarnin. A yi miya tun Asabar da yamma, manyan yara su wanke kwanuka, kai ma ka sa hannu.

Yadda za ka tunkari fasto

Bakinka kaɗai na ji, ban ji na matarka ko na fastonka ba, kowace ɗarika kuma tana da tsarinta a kan muƙamai, don haka ka auna shawarata da abin da kake gani a wurin. Gajiyar nan ma, in ta haɗa da rashin barci ko ciwon kai, wannan aikin likita ne ba na fasto ba. Je a auna jininka, tunda akwai hawan jini a gidanku.

Muƙami ɗaya ya ishe ka. Tunda zaɓenka aka yi magatakarda, riƙe shi zuwa ƙarshen wa'adinsa, ka sauka daga kwamitin gini, mawaƙa kuma ka nemi hutu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Same shi a gida, ba a ƙofar coci bayan sujada ba, ka ce, "Baba, gidana yana bukatata, ina so in yi abu ɗaya da kyau." In ya ce babu wanda zai maye gurbinka, tuna masa da ladabi da Fitowa 18, inda Yetro ya ce wa Musa abin da yake yi ba daidai ba ne, zai gajiyar da kansa da jama'a, ya naɗa wasu su ɗauki nauyin tare da shi. A bayan majami'arku akwai matasa masu ilimi da ba a taɓa ba su komai ba, domin kai kullum kana nan. Ka kuma kawo shawara a majalisar dattawa a ɗage zaman kwamitoci daga yammacin Lahadi, ko a haɗa su Asabar ɗaya a wata.

In ya ƙi ji, kada ka yi fushi, kada kuma ka ɓace shiru. Rubuta wa majalisar dattawa takarda, ka ba su wata uku, ka ambaci wanda kake ganin zai iya, ka koya masa aikin, ka miƙa masa littattafai da rasidai a gaban shaidu.